Tsutsar da ke cin kifi a kwami, ba kowane ciwo ba ne na antibayotik

Ni sana'ata kiwon tarwaɗa da ɗan karfasa, ina da kwamin siminti da kuma na ƙasa, kuma abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya a harkar nan shi ne da mutum ya ga kifinsa ya daina cin abinci sai ya ruga kemis ya sayo kafso ya zazzaga a ruwa. Wallahi sau da yawa tsutsa ce, kuma kafso ba ya taɓa ta ko kaɗan.

Akwai wata ƙanƙanuwa mai faɗi da likitocin dabbobi ke kira Girodaktilus, ba ta kai milimita 1 ba, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Da ƙugiyoyi take maƙale fatar kifi, za ka ga yana goga jikinsa a bangon kwami, yauƙi ya yi masa yawa, launinsa ya dusashe, in kuma 'yar'uwarta ce mai kama kunnuwa, wato inda kifi ke numfashi, sai ka gan shi a saman ruwa yana haki kusa da famfo. Ita Girodaktilus haihuwa take yi ba ƙwai ba, 'yar da ta haifa ma da wani cikin take fitowa, shi ya sa in kwami ya cunkushe kafin ka ankara ta gama da fingalin ɗinka, wato ƙananan 'ya'yan kifi. Ni duk sabon fingalin da na sayo sai na ware shi a tanki daban, na yi masa wankan gishiri, na sa masa ido tukuna. In abin ya yi tsanani sai farazikwantel, maganin nan na tsargiya, amma da awon likita don Allah, kuma masu yin ƙwai, irin mai kama kunnuwan nan, sai an maimaita saboda maganin ba ya kashe ƙwan.

Kwamin ƙasa kuma nasa ciwon daban ne. Ka yanka karfasa ka ga wasu ƙwayoyi rawaya a cikin tsoka, mai saye na gani ya ajiye maka kayanka ko da kuwa dahuwa sosai tana kashe su. Wannan ma tsutsa ce, daga bakin zalɓe ƙwanta ke faɗawa ruwa, ta shiga dodon koɗi, daga nan ta huda kifi. Nan magani ɓarnar kuɗi ne kawai, raga nake shimfiɗawa a sama don hana zalɓe sauka, na cire ciyawar gefe saboda dodon koɗi, bayan kowace kwasa na zubar da ruwan na bar ƙasan ta bushe har ta tsattsage kafin na sake zuba kifi.