Damina bata jiran sa hannun oga

Shekara huɗu nayi ina riƙe da ofishin wani shirin binciken noma anan Kano, ayyuka huɗu ne a ƙarƙashinsa, na wake, na gyaɗa, na dawa da ake neman irin da zai jure ciyawar wuta-wuta mai kashe dawa, sai na gwajin ƙasa. Ni ba mai binciken bane, nawa takardu ne, mota, kuɗin tafiya, shirya mitin da harhaɗa rahoton masu bada tallafi, kowanne kuwa da nasa fom da nasa wa'adin.

Abinda har yau yake min ciwo a shekarata ta farko ya faru. Dakta mai aikin dawa ta kawo min buƙatar taki, NPK da yuriya, a watan Mayu, ni kuma na ajiyeta a layi kamar sauran takardu, saida na gama da rahoton wake sannan na fara neman farashin 'yan kasuwa uku, ga baucha ga odita ga oga yayi tafiya, wallahi taki bai iso gona ba sai ƙarshen Yuli, dawar duk tayi ɗorawa ta tsumbure. Batayi min faɗa ba, cewa kawai tayi "Malam, na bana ya tafi, sai baɗi in Allah ya kaimu." Akwai ɗalibinta da digirinsa na biyu ya rataya a wannan filin, shekara guda ta ƙaru masa.

Daga nan na daina bin takarda bisa wadda ta riga zuwa, wadda ruwa zai cimma nake fara ɗauka. Tun Fabrairu nake bin kowane shugaban aiki ofishinsa da littafi, yaushe shuka, yaushe zuba taki, yaushe feshi, in rubuta a allo mako-mako. Hilux ɗaya garemu, to in masu wake zasu Minjibir ranar Talata sai in tura mai ɗibar ƙasa ya bisu da buhunansa, da rani kuma motar ta koma Kadawa wajen ninka iri.

Leburorin gona basuda rasit, kuma haƙƙinsu bai kamata ya kwana ba, shiyasa na buga takardar biya mai gurbin suna da dangwale, direba yake tafiya da ita da tawada a aljihun mota, duk Alhamis da yamma a sallamesu kafin kasuwar Juma'a.