Jar Marsandi da mayen ƙarfen maigidana

Shekara uku na yi ina guga da sampefa a garejin maigidana kafin ya yarda in riƙe bindigar fenti ni kaɗai. Daga baya na je na koyo aikin leda, wato nannaɗe jikin mota da ledar nan mai gam da ke sauya mata launi ba tare da an fesa ko ɗigon fenti ba. Na dawo ina ɗoki. Aiki ne mai tsabta, ba warin tina, ba tari cikin dare, kuma kwana uku ko huɗu an sallami mai mota. A lokacin duk motar da ta shigo gareji, leda nake hango mata.

Ana cikin haka aka jawo mana wata Marsandi 280SL ƙirar 1978, mai ƙofa biyu, irin wadda ake cire mata rufi. Jerin nan da ake kira R107 ne, wanda kamfanin ya yi ta ƙerawa daga 1971 har 1989. Motar mahaifin wani Alhaji ce, ta shekara da shekaru a rufe cikin gida tun bayan rasuwar dattijon. Ja ce, amma jan ya koɗe ya koma kamar jar ƙasa. Ɗan Alhajin, wanda zai yi sa'ana, ya nuna mini hoton wata mota a waya an yi mata baƙar leda marar sheƙi, ya ce haka yake so. Na ce masa an gama.

Maigida bai ce komai ba sai da Alhaji ya juyo gare shi.

“Malam, kai me ka gani? Fenti ko ledar?”

“Ranka ya daɗe, ban gani ba tukuna. A bar mini ita zuwa jibi.”

Da suka tafi ya ɗauko ɗan mayen ƙarfe, ya naɗe shi a ƙyalle, ya miƙo mini ya ce in bi jikin motar taku-taku. A kan bonet da but mayen yana kamawa gam. Da na sauko ƙasan ƙofar direba sai ya saki, a bayan tayar baya ma haka. Fila ce, wato ƙullin da ake cike lotsawar jikin mota da shi wanda maye ba ya kamawa, aka cika wurin da ita a wani tsohon gyara, aka fesa ja a kai. Sannan ya shafa ɗan folish a tsumma ya goga a gefen but. Tsumman ya yi jawur, wurin kuma ya fito da wani irin ja mai zurfi da ban zaci yana nan ba. Fentin kamfani ne na wancan zamani, launi da sheƙi a haɗe, ba a yi masa kiliya, wato fentin sheƙi marar launi, a sama ba, shi ya sa idan samansa ya mutu akan goge a tarar da mai rai a ƙasa. A farantin da ke ƙarƙashin bonet muka ga lambar launin, 568, jan da Marsandi ke kira Signal Red.

Nan jikina ya yi sanyi, don na tuna wata mota da na yi wa leda watanni kafin nan. An taɓa sake mata fenti, ban bincika ba, ledar kuma mai araha ce na saya don kuɗin mai motar ya isa. Zafin Afrilu a Kano yana haura digiri 40, ƙarfen motar da ta wuni a rana kuwa ya fi haka nesa. Kafin damina ta ƙare ledar ta ja baya a gefuna, ƙura ta manne a gam ɗin ta yi baƙin layi. Da na zo ɓarewa, sai ta taho da fentin falle-falle. Mai motar bai zage ni ba, cewa kawai ya yi ya amince da ni ne, kuma har yau maganar tana damuna.

Leda ba ta kai kaurin katin waya ba. Duk tsaga, duk ƙurjin tsatsa, duk ramin da dutse ya yi, sai ya nuna ta cikinta, wani lokaci ma fiye da da. Gam ɗinta fenti yake kamawa, saboda haka ƙarfinta ƙarfin fentin da ke ƙasa ne. Ledoji masu kyau irin na kamfanonin 3M da Avery Dennison suna lanƙwasuwa su zauna, musamman in an bi lunguna da bindigar zafi bayan an manna, amma ko su rana ta fi cin su a bonet da rufi. Ga shi kuma ƙasan jikin R107 gurza-gurza ne, irin wurin da leda ke son ɗagowa. Uwa uba, in akwai tsatsa a ƙasa, ledar rufe ta za ta yi tana ci ba mai gani.

Tsatsar kuwa akwai ta. Waɗannan motoci sun yi suna da ruɓewa a bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, inda ruwa ke taruwa ƙarƙashin gilashin gaba idan magudanar ta toshe. Da muka buɗe, yatsana ya shige.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maigida, mai fenti tun kafin a haife ni, bai ce a sake fentin motar gaba ɗaya ba, alhali nan ne kuɗin yake. Da Alhaji ya dawo ya ce masa: “Ranka ya daɗe, fenti ko gobe ka ce in fesa zan fesa. Amma wannan da ke kan bonet, shi Baba ya riƙa gogewa da hannunsa, in na kankare shi ba ni da inda zan samo maka wani.” Alhaji ya daɗe da tafin hannunsa a kan but ɗin bai yi magana ba. Ɗan nasa ya kalle ni yana jiran in kare ledar, ni kuwa na gaya masa abin da ya faru da waccan motar, ban rage komai ba.

Mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya sa sabo. Muka tono tsohuwar fila, fanel bita ya daddaki ƙofar har ta kusa daidaita da kanta. Ƙananan maƙalan da ke riƙe da adon jikin motar sun bushe, wasu suka karye a hannunmu, na yi sawu uku a Ƙofar Ruwa ina neman masu kama da su. Haɗa launin ne ya fi cin rai. Lambar 568 tana ba ka jan ranar da motar ta fito daga kamfani, wanda ke gabanmu kuwa ya sha rana shekaru. Sai da muka gama goge tsohon fentin tukuna, sannan maigida ya riƙa ɗiga launi yana fesawa a gwangwani, yana fita da shi rana yana karawa da jikin motar. Sau bakwai ya yi. Lokacin hunturu ne, don haka da asuba muke feshi, mu yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura. Mako shida motar ta yi a wurinmu.

Ban bar aikin leda ba, kuma ina ganin amfaninsa. Mota mai lafiyayyen fentin kamfani, mai ita yana son wani launi na shekara biyu ko uku, leda ta fi masa, tana ma kare fentin daga ƙananan ƙarzuwa. Nakan dai tuna masa cewa launin da ke takardun mota ya kamata ya dace da na jikinta. Wanda aka yi wa sabon fenti kuma nakan ce ya jira aƙalla wata guda fentin ya gama bushewa ciki da waje.

Ɗan Alhajin ya kawo mini tasa motar bayan sallah, ƙirar kwanan nan, ya ce baƙar ledar nan dai yana nan yana sonta. Na zaro mayen ƙarfe daga aljihu, na naɗe shi a ƙyalle, na fara daga ƙasan ƙofar direba.