Tumbatsa biyu da suka kusa cinye min aikin kammala digiri

Duk ɗalibin fizis da zai nemi tsawon zagayen fulsa, wato tauraron niyutron mai juyi da haskensa ke bugawa a kai a kai, daga bayanan eksire, ya fara zana hasken ya dube shi da idonsa kafin ya miƙa wa kwamfuta lissafi. Littattafan da na bi a Gusau ba su ja kunnena a kan haka ba, kuma har yau abin na yi min ciwo.

Aikina a kan EXO 2030+375 ne, wadda tauraron ɗan'adam na EXOSAT ya gano a 1985. Tauraron niyutron ne da ke juyawa sau ɗaya cikin kusan daƙiƙa 42, yana zagaya wani ƙaton tauraro nau'in Be cikin kwana 46. Ƙaton yana juyi da sauri har yana zubar da iskar gas da ke taruwa ta zama faifai a ƙugunsa. Hanyar zagayen ba da'ira ba ce, saboda haka duk lokacin da fulsar ta matso kusa sai ta yago gas, ƙarfin maganaɗisunta ya kai shi kan ƙarshenta biyu, na arewa da na kudu, ya yi zafi, eksire ya tashi. Wannan ce ƙaramar tumbatsa, kuma tana da alƙawari: kowane zagaye.

Sauko da bayanan bai ba ni wahala ba. Na'urar BAT da ke kan tauraron ɗan'adam na Swift tana auna hasken tsakanin keV 15 zuwa 50 (keV ma'aunin ƙarfin eksire ne) tun 2005, ana sakin adadin kowace rana kyauta, fayil ɗin kuma bai ci min data ba ko a waya. Na zuba shi duka cikin Python, na sa Lomb-Scargle, wato lissafin da ke gano abin da ke maimaituwa a cikin bayanai, ya nemo min 46.

Bai nemo ba. Wani tudu ya fito can wajen ɗaruruwan kwanaki, 46 ɗin kuwa ɗan tsiro ne da ba ka iya rantsuwa a kansa. Na kai wa malamina, ya duba ya ce, "Akwai matsala a lissafinka, je ka sake." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Makonni na yi ina warware layukan da lafiyarsu ƙalau, ina biyan kuɗin caji a shago, ga zafin bazara, abokan karatuna kuma har sun shiga babi na huɗu.

Ashe lissafin ba shi da laifi. Cikin bayanan akwai manyan tumbatsa biyu, ta 2006 da ta 2021. Irin wannan ba ta san kwana 46 ba. Faifan ƙaton ne ke girma ko ya karkace har fulsar ta samu gas fiye da kima, hasken ya ninka na kullum sau da yawa, ya ɗauki watanni, ya haɗiye zagaye fiye da ɗaya. Neman ƙananan a gefensu kamar kasa kunne ga kalangu ne ana buga tambari a bayanka. Wani dare da na gaji na ce bari kawai in zana hasken a kan kwanaki, sai ga su tsaye, dogaye biyu, ƙananan kuma jere a ƙasa kamar yadda aka faɗa. Na yanke watannin nan, na zubar da ranakun da kuskuren awonsu ya yi yawa, na sake gudu. Sai 46 ta miƙe ita kaɗai. Wallahi sai da na tashi tsaye.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne zanen nan bai fi layi uku ba. Layi uku! Da wani ya ce min in fara da shi, da ban yi asarar rabin zango ba. Ana koya mana rabe-raben tumbatsa a matsayin abin haddacewa don jarrabawa, ba wanda ya ce wannan rabon zai iya rusa maka sakamako.

Amma kada ka jefar da manyan, ka ware su ne kawai. Ni daga baya su suka zama babin da ya fi daɗi. A lokacinsu ne gas ɗin da ke zubowa ke ƙara wa fulsar saurin juyi, ana kuma ganin haka ga ta 2021 a bayanan tauraron ɗan'adam na Fermi. Tsakanin babbar tumbatsa ta farko a 1985 da ta 2006 shekara 21 ne, har wasu masana suka yi hasashen akwai zagaye mai kusan shekara 20, sai ta uku ta zo bayan shekara 15 kacal. Wajen 2015 ma ƙananan sun yi rauni sosai, don haka in ka ga gurbi a jerin kada ka zargi fayil ɗinka.

Ranar kare aikin tambayar farko da aka yi min ita ce me ya sa na cire watannin nan. Na buɗe zanen 2006 na nuna musu, malamina ya gyaɗa kai, aka wuce tambaya ta gaba.