Yadda na daina sassaƙa mutum na koma sassaƙa ruwa

Abu na farko da na sassaƙa yana nan har yau a bayan kanta, ban jefar ba kuma bana nuna wa kowa. Wai ɗan hawan igiyar ruwa ne a kan allonsa, amma wallahi in ka gan shi sai ka rantse wani ne yake jiran mota a bakin titi, ƙafa a haɗe, hannu a sake, ƙiƙam kamar an dasa shi. Igiyar ruwan da na yi masa kuwa tudun ƙasa ce kawai da na shafa wa shuɗin fenti.

Ni fa ba makarantar zane na yi ba, da zarto da ƴar wuƙa da cizal guda biyu na fara, sai guntayen iccen da teku ke turowa gaɓa waɗanda gishiri da rana suka gama cinye musu jiki. Abin da ya ja ni tun farko shi ne da na gano ashe masu wasan hawan igiyar ruwa su kansu masassaƙa ne kafin komai. A tsibiran Hawai inda abin ya yi ƙarfi tun kafin zuwan Turawa, mutum icce yake sara ya fafe allonsa da hannu, akwai irin allon da ake kira alaia wanda aka fi yi da iccen koa, akwai kuma olo, dogo mai kauri wanda sarakuna kaɗai ke hawa, wasu ma suna nan ajiye a gidan tarihi na Bishop a Honolulu. Ko Duke Kahanamoku, ɗan Hawai ɗin nan da ya ci zinare a ninƙaya a gasar Olamfik ta 1912, da ya je Ostireliya a ƙarshen 1914 da kansa ya sassaƙa allon da ya nuna musu wasan da shi. Sai wajen ƙarshen shekarun 1950 allunan soso da leda mai tauri suka kori na katako daga ruwa, shikenan icce ya koma jikin bango ya zama ado, to mu masu sassaƙar ado a nan muka tsince shi.

Na ɗan yi zamanin kwaikwayo, kuma ba na alfahari da shi. Irin fuskokin nan masu buɗaɗɗen baki da ake kira tiki nake ta yi saboda su mutane ke saye, kusan shekara biyu ina buga abu ɗaya kamar inji. Daga baya na karanta cewa wanda nake kwafa ɗin ma kwafi ne, gidajen shaƙatawa na Kalifoniya ne suka yayata shi tun shekarun 1930 dan jan kwastoma, alhali a wurin mutanen tsibiran asalin abin na ibadarsu ne. Raina bai ƙara kwanciya da shi ba, na bari.

Abin da ya juya min aiki kuskure ne. Wani guntun icce na ɗauko mai ƙulli a tsakiya, ina ta fama in kauce masa cizal ya zame ya ɓantaro gefe guda, haushi ya sa na wurgar da shi, bayan kwana biyu na zo shara na ɗaga sai na ga zanen jikin iccen ya zagaye ƙullin nan ya lanƙwaso kamar yadda igiya ke naɗewa tana shirin faɗuwa. Duk shekarun nan ina ƙoƙarin ɗora wa icce ruwa da fenti ashe ruwan yana ciki, ni ne nake goge shi da samfefa.

Daga ranar na rage samfefa sosai, fenti ma sai ɗan fari a bakin igiya inda kumfa take, sauran mai kawai nake shafawa zanen ya fito. Kuma na koyi zama in kalli icce kwana da kwanaki kafin in taɓa shi. Wurin da ya fi ba ni wuya har yanzu shi ne leɓen igiyar, wato bakinta na sama da ke lanƙwasowa, dole ya yi siriri har haske ya kusa ratsa shi, in ka bi ta inda zaren iccen bai yarda ba kuwa ƙas, aikin sati uku ya tafi. Na karya sun fi a ƙirga.

Mutumin da nake sassaƙawa a kan allon kuma sai ya dinga ƙanƙancewa. Da shi ne rabin aikin, ya dawo kamar ɗan yatsa, gwiwa a lanƙwashe, kafaɗa ɗaya ƙasa, ba ido ba hanci dan na lura duk wanda ya taɓa hawa allo tsayuwar yake dubawa ba fuska ba. Wani da ya daɗe yana wasan ya taɓa ɗaukar guda ya juya shi ya ce min nauyin yaron nan yana ƙafar gaba da yawa, yanzu zai kifa. Na ji haushi a lokacin amma gaskiyarsa ne.

Wanda ke kan tebur yanzu ma babu kowa a kansa, igiya ce kawai da ɗan siririn layi da na ja a jikinta inda allo ya wuce. Saura leɓen, kuma tun shekaranjiya nake zagaye shi na kasa sa wuƙa.