Tarihin Rayuwata a Sararin Sama, Kashi na 17: Shekarar da Muka Buɗe Dogon Zango

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda na bar jigilar alhazai da jiragen shata na koma wani kamfani mai zirga-zirgar yau da kullum, ina mataimakin matuƙi a kan Boeing 737: Legas zuwa Abuja, Abuja zuwa Kano, wani lokaci Fatakwal ko Accra. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma muna gaisawa.

Ban daɗe da kama aiki ba aka fara raɗe-raɗin cewa za a kawo babban jirgi a buɗe dogon zango zuwa ƙetare. Wanda bai yi aikin nan ba ba zai san yadda irin wannan labari yake kaɗa matuƙa ba. Jirgi ɗaya mai dogon zango yana cin matuƙa rukuni-rukuni, saboda doka ta ƙayyade awannin da mutum zai yi a bakin aiki da hutun da dole ya samu kafin ya sake hawa. Idan manya suka koma babban jirgi, kujerar hagu ta 737, wato ta kyaftin, ta zama ba kowa, mu mataimaka mu matsa, yaran da suka gama makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya suke yawo da lasisi ba aiki su ma su samu ƙofa. Ga kuma alawus ɗin kwanan waje da dala. Mu matasa har mun fara lissafin ginin gida.

Akwai wani dattijo da muke kira Baba Kyaftin. Tsohon matuƙin Nigeria Airways ne, ya tuƙa DC-10 zuwa Landan da New York kafin kamfanin ya durƙushe a 2003. Wata safiya aka haɗa mu zuwa Kano. Da muka wuce ƙafa 10,000, inda aka yarda a yi hirar da ba ta aiki ba, na ce masa, "Baba, ashe dai za ka koma gida? An ce babban jirgi na nan tafe."

Bai ɗago daga takardar mai da yake dubawa ba ya ce, "Yaro, wa zai cika maka shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanenmu nawa ne a can? Kullum jiragen Turawa a cike suke tashi daga Legas."

Ya ce, "A Disamba kowa zai cika. Ina tambayarka daren Talata a watan Fabrairu. Ka taɓa tambayar mutanen da ke cikin jiragen nan ina za su?"

Daga nan har muka fara gangarowa Kano yana warware mini. Jirgin British Airways da ya tashi daga Legas, ba duk waɗanda ke ciki ne za su tsaya Landan ba: wani New York za shi, wani Toronto, wani Glasgow. Na KLM a Amsterdam yake rarraba nasa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai tafi Guangzhou sayen kaya, Ethiopian zai hau, ya sauka Addis Ababa ya canza jirgi, ko ya bi EgyptAir ta Alƙahira, tikiti ɗaya, kayansa ba sai ya sake gani ba sai a can. Mu kuwa, in muka sauke mutum a birni ɗaya, shi ke nan, daga nan ya san inda dare ya yi masa. Sannan manyan kamfanonin nan ba su kaɗai suke tafiya ba. Tun 1997 aka kafa Star Alliance, Oneworld ta biyo a 1999, SkyTeam a 2000, kowace ƙungiya mambobinta suna miƙa wa juna fasinja, suna kuma ɗora lambarsu a kan jiragen juna. Wannan ɗora lambar shi ne 'yan aiki ke kira kodsheya: ka sayi tikiti a wurin kamfani kaza, amma jirgin da za ka hau da matuƙan da ke ciki na wani kamfanin ne.

Jirgin ya zo. Na haya ne, kuma da matuƙansa aka yi hayarsa, 'yan ƙasar waje, aka ce sai namu sun gama kwas za su karɓa. Ina cikin waɗanda aka tura, na yi makonni a na'urar koyon tuƙi, na samu hatimin sabon jirgin a lasisina. Ba zan ɓoye ba, ranar da na fara zama a kujerar dama muka ratsa Sahara da dare da tutar ƙasarmu a jikin jirgin, na ji abin da ban taɓa ji a aikin nan ba, kuma har yau in na tuna ina jin daɗinsa.

Sai dai ba a jima ba abokan gasa suka sauke farashi a kan zangon nan kaɗai. Su suna da ɗaruruwan hanyoyi da za su rufe asarar hanya ɗaya. Mu kuɗin haya da dala, kayan gyara da dala, inshora da dala, man da muke sha a can da kuɗin waje, amma yawancin tikitin da naira ake saya. Abin da ya fi yi mana illa shi ne jirgin ɗaya ne tak. Wani dare wani ƙaramin abu ya lalace a can ƙasar, ba kayan gyara a kusa, ba wani kamfani da muke da yarjejeniya da shi balle ya kwashe mana mutane. Na ga tsohuwa da jikokinta zaune a kan akwatuna, na ga wani bawan Allah da zai je jana'izar mahaifiyarsa yana kuka a gaban kanta. Ina sanye da kakin kamfani, ba ni da abin da zan ce musu. Irin wannan dare, fasinja ba ya manta shi, kuma sai ya gaya wa duk danginsa.

Da asara ta yi yawa, shugabanni suka zo da shawarar a janye jirginmu, a ɗora lambarmu a kan jirgin wani kamfani na ƙetare, mu kuma mu riƙa tattaro masa fasinja daga Kano, Fatakwal da Enugu. Reshen ƙungiyarmu ta matuƙa da injiniyoyi ya kira taro, kuma ban taɓa ganin taro mai zafi irinsa ba.

Wani abokina ya miƙe ya ce wannan ai sayar da fasinja ne, irin na direban tasha da zai ɗauko ka daga Kano da sunan Legas, in an zo Kaduna ya juye ka a motar wani ya karɓi kamashonsa ya koma gida. Ya ce ofishin sayar da tikiti zai ci riba, mu da muka yi kwas kuwa lasisinmu zai tsufa a aljihu. Wasu suka ce gara kamfani ya rayu da 737 da ya mutu da babban jirgi, albashi na wata-wata ya fi alfahari. Baba Kyaftin ya bari sai da kowa ya gaji, sannan ya ce, "'Ya'yana, ba a kan a yi ko kar a yi za ku yi faɗa ba. Ku tambaya, a cikin kowane tashi goma, nawa ne da jirginmu da matuƙanmu? Ku sa a rubuta."

A nan na tsaya, kuma har yau a nan nake. Matuƙan Amurka sun daɗe da sanin wannan. A yarjejeniyar aikinsu da manyan kamfanoni akwai sashe na musamman da ke iyakance yawan aikin da kamfani zai miƙa wa abokan kodsheya ko ƙananan kamfanoni, kuma suna tsare shi kamar yadda suke tsare albashi. Kamfanin da ba shi da abokin hulɗa a ɗaya ƙarshen ba zai daɗe a dogon zango ba, wannan na gani da idona. Amma haɗakar da mu ne masu tattaro fasinja kawai, su ne masu tuƙi, ba za ta haifa wa ƙasar nan kyaftin ko ɗaya ba.

Abin da ya faru da mu ba sabon abu ba ne. Virgin Nigeria ta fara a 2005, Virgin Atlantic na da kashi 49 a ciki, amma a farkon 2009 ta daina zuwa Landan da Johannesburg. A 2011 Arik ta dakatar da zangon Abuja zuwa Landan saboda gurbin sauka a filin jirgin Heathrow, har gwamnatocin Najeriya da Birtaniya suka yi sa-in-sa: a takarda kowane ɓangare yana da izinin tashi 21 a mako, amma izini ba ya ba ka wurin sauka, sai ka saya ko ka yi haya. Shi ya sa da Air Peace ta fara Legas zuwa filin jirgin Gatwick na Landan ranar 30 ga Maris 2024 na yi farin ciki ƙwarai, na kuma yi musu addu'a, domin na san abin da ke jiran duk wanda ya shiga wannan fage. Kano kuwa abin ya fi yi mini ciwo. Tun 1925 jirgin sama ya sauka a nan, KLM ta shafe shekaru da dama tana zuwa kafin ta janye a 2012, kuma har yanzu ɗan Kano mai zuwa Turai ko Sin, ko dai ya faro ta Abuja ko Legas, ko ya bi ta Addis Ababa, Alƙahira ko Doha a jirgin wasu.

Buƙatarmu ta a rubuta ba ta samu shiga ba, ita ma yarjejeniyar ba a kai ga sa mata hannu ba. Aka mayar da babban jirgi ga masu shi, na koma kan 737. Ana cikin haka wani tsohon abokin karatuna na Zariya ya kira ni daga yankin Gulf, ya ce kamfanin da yake yi wa aiki yana neman masu irin hatimin da ke lasisina. Da na kai maganar gida, uwargida ta yi shiru, Hajiya mahaifiyata kuwa ta ce in zo Kano da kaina, ba a waya za a yi wannan magana ba. Yadda muka kwashe da ita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.