Dodon Turawa a Rumfar Kawu

A watan Fabrairun 2024 waya ta ɗauke a Sudan, ba kira ba intanet. Mu a lokacin muna Gadarif, gidan Kawuna, mun haura mutum ashirin a gidan da bai wuce ɗaki huɗu ba. Ni da iyalina mun baro Khartum tun bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023, Yayata da 'ya'yanta kuma suka same mu a Disamba bayan faɗuwar Wad Madani. Rana tana da sauƙi, don akwai ɗiban ruwa da layin burodi. Dare ne matsala. Da an idar da isha'i sai kowa ya zauna a rumfar tsakar gida, wadda a nan ake kira rakuba, ya yi jugum yana tunanin wanda ya baro a baya.

Ni malamin Ingilishi ne, kuma a cikin wayata akwai littattafai tara na wata marubuciya Ba'amurkiya, Naomi Novik, na farko ya fito a 2006, na ƙarshe a 2016. Ta ɗauki yaƙe-yaƙen Napoliyon, sarkin Faransa, yadda suke a tarihi, sai ta ƙara musu abu guda: kowace ƙasa tana da rundunar sama ta manyan halittu masu fukafukai, masu hankali da magana, sojoji na hawa bayansu. Wani dare ɗan Yayata ya leƙa wayar ya tambaye ni abin da nake karantawa, na ba shi a taƙaice, kafin in rufe baki yara shida sun kewaye ni. Haka abin ya fara, kuma muka shafe kusan wata huɗu a kai.

Daren farko na ɓata shi da kaina. Na riƙe waya ina karanta jimla da Ingilishi a zuci, ina juya ta zuwa Hausa, in tsaya neman sunan igiyoyin jirgin ruwa da muƙaman hafsoshi. Kafin ƙwan da ke farkon labarin ma ya ƙyanƙyashe rabin yaran sun yi barci a kan tabarma. Goggo tana kishingiɗe a angarib, wato gadon igiya, ta ce, "Ɗan nan, ajiye wayar nan ka ba mu labari. Wanda ya ba da tatsuniya ido cikin ido yake ba da ita." Daga ranar na sauya tsari. Da rana, yayin da wayar ke shan caji a jikin farantin sola na maƙwabci, sai in karanta babi biyu ko uku, in rubuta sunaye da jerin abubuwan da suka faru a bayan tsohon littafin makaranta. Da dare wayar na aljihu. Duk abin da na manta, dama bai cancanci a faɗa ba.

Sunan halittun ma sai da aka yi muhawara a kansa. Yaran da suka yi makarantar Larabci suka ce ai tinnin ne. Goggo ta ce dodo. Kawu ya ce dodon da ya sani a kurmi yake ko a ruwa, mutane yake ci, ba ya tashi sama balle ya yi gaisuwa. In ma za a kamanta, gara macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda aƙalla yake da suna da ranar da yake barin mutane su ɗebi ruwa. A ƙarshe dodo ya yi rinjaye don ya fi sauƙi a baki. Shi kuwa dodon da yake jarumin labarin, Temeraire, yara suka mayar da shi Tamra, wato ƙwayar dabino, sunan ya bi shi har ni ma na koma kiransa haka.

Na ɗauka dodannin ne za su zama abin musu. Ko kaɗan. Kyaftin Laurence na sojan ruwan Ingila ya kama jirgin Faransawa a 1805, ya sami ƙwan dodo a ciki, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan dodon ya ƙi kowa ya zaɓe shi, mutumin ya rasa jirginsa da matsayinsa da matar da yake son aura. Duk wannan an karɓe shi ba gardama. Tambayar farko da ta tayar da ƙura daga wani maƙwabcinmu ta fito, dattijo mai kiwon shanu a wajen gari, wanda ya fara zuwa da kujerarsa tun mako na biyu. Da ya ji Tamra na iya lashe saniya guda a zama ɗaya, sai ya tsayar da ni: "Ustaz, dakata. Dodanni nawa ne a sansanin? Shanun na wa ne? Ana biya?" Ya yi lissafi da yatsu, ya girgiza kai, ya ce ƙasar da ke da irin wannan runduna talakanta ba zai ga nama ba. Na karanta littattafan nan sau biyu a Khartum ban taɓa tsayawa a kan wannan ba, alhali marubuciyar da kanta tana yawan komawa kan batun abincin dodanni, kuma a littafi na biyar ya zama ginshiƙin yaƙin gaba ɗaya.

'Yan matan gidan kuwa abin da ya kama su shi ne irin dodannin nan masu tofa guba, waɗanda ba sa yarda kowa ya hau su sai mace, har dole gwamnatin Ingila ta riƙa ɗaukar mata hafsoshi a ɓoye. Goggo ita abin da ya taɓa ta daban ne: yadda Kyaftin ke zama kowane dare yana karanta wa Tamra littafi, har na lissafi wanda shi kansa ba ya fahimta. Ta ce wannan mutum ya san haƙƙin abin da aka ba shi amana.

Wurin da na sha wuya shi ne tarihi. Don in kusanto musu da zamanin, na ce lokacin da ake wannan yaƙi a Turai, Shehu Usmanu ya riga ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, an gwabza a Tabkin Kwatto a Yuni na shekarar, Alƙalawa kuma ta faɗi a 1808. Na ƙara da cewa Napoliyon ɗin nan ya zo Masar a 1798, har ya rubuta wa Sarkin Darfur Abdurrahman Rashid wasiƙa a 1799 yana neman a aiko masa da bayi 2,000. Nan take Kawu ya gyara zama. Da labarin ya shiga shekarun da ya sani, sai ya daina jin sa a matsayin tatsuniya. Ranar da na ce a cikin littafin Nelson, babban hafsan sojan ruwan Ingila, bai mutu a yaƙin Tarafalga ba, alhali a zahiri an harbe shi ya mutu ranar 21 ga Oktoban 1805, sai ya ajiye finjalin gahawarsa a kan tire ya ce:

"Ɗana, dodo ƙarya ce da kowa ya san ƙarya ce, ba ta cutar da kowa. Amma mutumin da Allah ya ƙaddara ya mutu ranar kaza, wani ya zo ya ce bai mutu ba? Ba ka san hadisin da ya ce 'da a ce' tana buɗe aikin shaiɗan ba?"

Na san hadisin, yana cikin Sahihu Muslim, kuma ban raina tambayar ba. Daren nan ban ci gaba ba. Washegari bayan la'asar na same shi shi kaɗai na ce, Kawu, a fahimtata abin da aka hana shi ne mutum ya riƙa cizon yatsa kan abin da ya same shi, yana cewa da na yi kaza da ba haka ba. Wannan mata ba kukan ƙaddara take yi ba, ta sauya dutse guda ne a dara don a ga yadda sauran za su motsa, a gane me ya sa abin da ya faru ya faru. Bai ce ya yarda ba. Ya ce in ci gaba, amma duk inda ta sauya tarihi in tsaya in faɗa wa yara gaskiyar abin da ya auku. Wannan sharaɗi ya fi duk wata dabara da na zo da ita amfani. Yaran da suka kwashe watanni ba aji sun san yaƙin Tarafalga da na Jena da sunan Wilberforce, ɗan majalisar Ingila mai adawa da cinikin bayi, kuma sun san wanne ne tarihi wanne ne ƙagagge.

Littafi na huɗu shi na fi ɗokin kaiwa, don a nan labarin ya sauka Afirka. Annoba ta kama dodannin Ingila, aka je kudancin nahiyar neman magani, wani irin naman kaza mai wari. A can suka ci karo da daular Tswana, mutanen da ke ɗaukar dodanninsu a matsayin kakanninsu da suka dawo, hedikwatarsu a Mosi-oa-Tunya, magangarar ruwan da Turawa suka laƙaba wa sunan Biktoriya. Wani tsohon dodo ya gane wata mata da aka sace tana ƙarama aka sayar, ya kira ta da sunanta na yanka. Daga nan rundunar Tswana ta tashi ta rushe tashoshin cinikin bayi na bakin teku. Samari suka yi ta kabbara, ɗaya ya miƙe tsaye yana cewa da Sarkin Musulmi Attahiru na da ko guda uku a Burmi, da an ga yadda bindigar Nasara za ta yi.

Ni ma zuciyata ta tafi can. Mu jikokin wannan hijira ne. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Attahiru ya yi shahada a Burmi a Yuli, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda suka kafa Mai Wurno, garin da aka haifi Kawu. Amma Yayata, wadda tun zuwanta daga Madani ba ta cika magana ba, ta ce a hankali: "Da sarakunanmu na da dodanni, wa za su fara kai wa hari? Ku tambayi mutanen kan duwatsu. Kuma wasiƙar nan da ka ce an aika Darfur, ai ba don babu kasuwar ba aka aika ta." Rumfar ta yi tsit. Na so in kare, na buɗe baki na rufe, domin gaskiya ta faɗa. Na shigo da labarin ina tsammanin zai zame mana ramuwar gayya a kan Turawa, sai ga shi ya juyo ya dube mu.

Ƙarshen littafin ya raba gidan biyu har kwana uku. Manyan Ingila sun sami magani, sai suka shirya tura cutar Faransa da gangan don ta kashe dodannin abokan gaba da na duk duniya. Laurence da Tamra suka saci maganin suka kai wa Faransawa, sannan Laurence ya dawo gida da ƙafarsa ya miƙa wuya a yanke masa hukuncin cin amanar ƙasa. Samari suka ce maci amana ne, ana yaƙi ba a tausayin maƙiyi. Mai shanu ya ce wanda ya zuba guba a rijiya ba shi da ikon zaɓar wanda zai sha. Kawu ya ce kai maganin daidai ne, dawowar ce ta nuna ɗan halak ne. Ni ban faɗi ra'ayina ba sai da aka matsa, kuma na koyi cewa in mai ba da labari ya riga kowa yanke hukunci, ya kashe hirar. Ra'ayina na Kawu ne.

Kuskurena mafi girma a littafi na biyar ya zo. A nan Napoliyon ya tsallaka ya mamaye Landan, mutane suna gudu da kayansu a ka, sojoji suna bi ƙauye ƙauye suna kwashe shanu da hatsi don ciyar da dodanni. Na karanta shi da rana na ga fasaha ce kawai, ban yi tunanin su wa za su saurara ba. Ina cikin kwatanta inuwar fukafukai tana ratsa rufin gidaje, mutane na ɗaga kai, sai ƙaramar 'yar Yayata ta toshe kunnuwanta da hannu biyu ta cusa kai a cinyar uwarta. Yarinyar da ta san ƙarar jirgi kafin ta san karatu. Yayata ta ɗauke ta suka shiga ɗaki. Na tsaya a tsakiyar jimla, har yau ban ƙarasa ta ba. Da safe na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma a bar wannan littafin sai an koma gida. Tun daga nan ba na shirya labari sai na fara tuna fuskokin da za su zauna gabana, ɗaya bayan ɗaya.

Dare biyu ba a yi hira ba. A na uku yara suka shimfiɗa tabarma kamar kullum suna dubana, ni kuwa ba ni da abin faɗa. Kawu ya sa aka matso masa da angarib tsakiyar rumfa, ya ce da ɗan Yayata, "Kai mai son dodo a Burmi, zo nan." Ya fara daga fitowar jama'a daga Sakkwato, yadda ya ji daga bakin kakarsa: tafiyar ƙafa, jakuna ɗauke da allunan yara, noma a hanya a girbe a ƙara gaba, kaburburan da aka bari ba alama. Da ya kai inda aka kashe Sarkin Musulmi, yaron ya ce, "Kaka, to da sun ci yaƙin fa?" Kawu ya yi shiru yana juya carbinsa, sannan ya ce, "Da ba a haife ni a Mai Wurno ba, da kai ma ba ka nan. Kawo min ruwa in ci gaba."