Hoton fiffike kafin kwalbar magani

Shagona a Garwa yake, ina sayar da iri da taki da maganin ƙwari, kuma yawancin masu sayayyata manoman shinkafa ne na wajen Lagdo, inda madatsar da aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai take ba su ruwan noman rani. Tun da wayoyi masu kyamara suka yawaita, rabin aikina ya koma duba hotuna a WhatsApp. Manomi zai turo hoton wani ƙwaro ya ce, "Alhaji, wannan ne ya dame mu, wane magani za a fesa?"

Wanda aka fi turo mini shi ne wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ruwan ƙasa, mai ƙaton kai da kaurin jiki, wanda ba ya tashi a hankali sai dai ya yi ta figa daga ganye zuwa ganye. Masana na kiran danginsu Hesperiidae, kuma sun haura iri 3,500 a duniya. Mutane da yawa suna ɗaukarsu faɗa-wuta ne saboda rashin ado. Abin da na fara dubawa shi ne siraran ƙahonnin nan biyu na kansa: nasu ƙarshensu a lanƙwashe yake kamar ƙugiya. Sai zamansa, fiffiken gaba a ɗage rabi, na baya a shimfiɗe.

Gane dangin ba wuya. Wuyar tana wajen raba 'yan gida ɗaya. A gonakinmu akwai Pelopidas mathias, akwai Pelopidas thrax, akwai na rukunin Borbo, dukkansu ruwan ƙasa da 'yan ɗigo-ɗigo farare. Namijin Pelopidas yana da wani siririn zane a karkace a saman fiffiken gaba. Na thrax ya fi haske, na mathias ya fi duhu, namijin Borbo kuwa ba shi da shi. Amma idan tamace aka ɗauka, wannan alamar ta tafi, sai a koma ƙarƙashin fiffiken baya. A can mathias yana da ƙananan ɗigo a jere a gewaye, da ɗaya tilo can ciki kusa da gindin fiffike. Wannan ɗigo ɗayan shi nake ƙara girman hoto ina nema har ido ya yi ruwa. Littafin Torben Larsen na 2005 kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma shi ne madogarata, ko da yake su kansu masanan wani lokaci sai sun feɗe ƙwaron kafin su yanke hukunci.

Shi ya sa hoto ɗaya daga sama ba ya isata. Nakan ce wa manomi ya fita da sassafe, lokacin da sanyi bai saki ƙwarin ba, ya tsuguna ya ɗauko ta gefe yadda ƙarƙashin fiffike zai fito, ya kashe fitilar waya don tana sauya launi. Tsohon ƙwaro wanda fiffikensa ya goge kuwa, gaskiya nake faɗa: rukuninsa kawai zan iya kira.

Sannan in ce a turo mini ganyen. Tsutsar waɗannan koriya ce mai siririn wuya, tana naɗe ganyen shinkafa da zare ta ɓuya ciki da rana, da dare ta fito ta yanki gefensa har zuwa jijiyar tsakiya. Idan ganyen a naɗe yake amma an kankare korensa ya bar fari-fari, wannan aikin wata tsutsar ce daban. Idan kuma zangarniya ta fito fara fat babu ƙwaya, mai huda kara ce, kuma malam-buɗe-littafin da ke hoton ba ruwansa.

Sau da yawa amsata ita ce kada a fesa komai. Shinkafar da ba ta yi ciki ba tana mayar da ganyen da aka ci, feshi kuma yana kashe gizo-gizo da ƙananan zanzaron da ke cin tsutsar, ga ruwan da ke gangarawa inda masunta ke jefa koma. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Ɗana, kai ba ka son ciniki ne?" Na ce, "Baba, ka riƙe kuɗinka na taki, bayan mako guda ka sake turo mini hoton ganyen." Yanzu yaron shagona ma ya fara koyo, shi ke tace hotunan, ya mayar da waɗanda ba su nuna ƙarƙashin fiffike ba kafin su iso gare ni.